Me ya sa layukan sababbin unguwannin Katsina ba sa ɓullewa?

Mannir Tsara-Gari: Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya buɗe hoton Katsina na tauraron ɗan'adam ya bi hanyar Dutsin-Ma, ko ta Kano, ko ta Batsari wajen Babbar Ruga, zai ga gari ya baro ganuwa nesa ba kusa ba, har ya kutsa ƙasar Batagarawa. Wannan ba abin mamaki ba ne. Tun da aka yi jiha a 1987 ma'aikata ke ƙaruwa, ga manyan makarantu sun jeru a hanyar Dutsin-Ma, ga kuma mutanen da rashin tsaro ya koro daga yankin Batsari da Jibiya da Safana. Faɗin garin bai dame ni kamar layukansa ba. A unguwanni da yawa na bayan gari za ka shiga layi miƙaƙƙe, ka yi tafiyar mita 200, sai ka yi kiciɓis da katangar wani. Gidan da kake nema yana bayan katangar nan, kana jin muryar yaransa, amma sai ka koma bakin kwalta ka zagayo. Ina ne abin yake lalacewa, kuma a wane mataki ake iya tare shi?

Safiyo Iro: Wa alaikumus salam. Ranar da aka yanka gona abin yake lalacewa, ba ranar da aka yi gini ba. Mai gona ya tashi sayarwa, a kira masu awon igiya, su shata layi ɗaya ko biyu daga inda ake shigowa gonar, su jera fulotai dama da hagu. In sun kai iyakar gonar ta baya ba sa barin bakin layin a buɗe, sai su toshe shi da fuloti, don a ganinsu layin da zai faɗa gonar wani asara ce. Bayan shekara biyu maƙwabcin gona shi ma ya yanka tasa, daga nasa ɓangaren, da nasa ma'aunin. Kowace gona ta zama aljihu mai baki ɗaya. Shi ya sa in ka duba hoton sama da kyau za ka iya gane iyakokin gonakin da, layukan suna karyewa daidai inda shingen gona yake.

Ga lissafin da ke jawo haka. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 a 50 bai wuce murabba'in mita 232 ba. In aka bar wa hanya kashi 10 cikin 100, za a fitar da fuloti 38. In aka bar mata kashi 30, wanda shi ne abin da hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba da shawara, 30 za a samu. Fuloti 8 ke nan a kowace hekta. A kan waɗannan takwas ɗin ake sayar da hanyar unguwa gaba ɗaya.

Injiniya Murja: Safiyo ya taɓo tsawo, bari in taɓo faɗi, don layi yana iya ɓullewa a takarda amma mota ba ta wucewa. Layin da aka fi bari a awon igiya ƙafa 20 ne, wato mita 6, wani wurin ma bai kai ba. Ku cire lambatu gefe biyu, kowane da bangonsa ya ci kusan santimita 90. Saura mita 4 da 'yan kai. Sai turken wuta ya shigo. Sai mai gida ya fito da dakali, na gabansa ya haƙa ramin sokawe a waje don kada ya ci masa tsakar gida, mai shago ya kafa rumfa. Abin da ya rage mita 3 ne in an yi sa'a. Motar kwana-kwana faɗinta kusan mita 2.5 ne ban da madubi, tifa ma haka. Mutum ɗaya ya ajiye mota a ƙofar gidansa, an rufe layi.

Ƙaramin layin cikin unguwa kada ya gaza mita 9, ƙafa 30. Wanda zai tattaro ƙananan layuka ya kai su babban titi mita 12 ne mafi ƙaranci, don titi mai hannu biyu kwaltarsa kaɗai mita 7.3 ce, sauran na lambatu ne da masu tafiya a ƙasa. Sannan fulotin kwana a yanke masa kusurwa kamar mita 3 ta kowane gefe. Wannan ne aka fi mantawa. Layi yana da faɗi, amma katangun kwana sun fito tsini, babbar mota ba ta iya karya kwana sai ta ɗauke wa wani bulo.

Baba Sada: Ku yaran nan kuna magana kamar lungu baƙon abu ne a Katsina. Ku shiga cikin birni, bayan Gobarau, ku ga in akwai layi miƙaƙƙe. Lungun da bai ɓullewa da gangan aka yi shi. Gidajen zuri'a ɗaya ne a ciki, baƙo bai shiga sai da dalili, mata su fita gidan maƙwabta ba su haɗu da kowa ba, yara su yi wasa ba mai banke su. Mi ya sa abin da ya zauna lafiya ɗaruruwan shekaru yau ya zama laifi?

Mannir Tsara-Gari: Allah ya ƙara girma, Baba. Maganarka gaskiya ce, amma lungun cikin birni da toshen bayan gari ba abu ɗaya ba ne. Na cikin birni gajere ne, gida huɗu ko shida, kuma yana rataye ne a jikin wata hanya da ke ɓullewa ta fuska biyu ko uku. Mai tafiya a ƙasa yana da zaɓi. Manyan hanyoyin kuma kowace ta nufi ƙofa: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Kwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Sauri, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka. Masallaci da makarantar allo da mai kayan miya duk taku kaɗan ne. Na bayan gari kuwa layi ne mai gida 40 ko 50 waɗanda ba su haɗa dangi ba, mafitarsu ɗaya, kuma kan babban titi take. Sirrin da kake magana ba su samu ba, sauƙin tafiya ma ba su samu ba. Yarinyar da Islamiyyarsu ke bayan layinsu sai ta fito bakin titin da tirela ke bi, ta yi tafiya a gefen kwalta, sannan ta sake shiga.

Baba Sada: To wanga na yarda da shi. Amma kada a zo a ce za a fasa cikin birni don a miƙe layi.

Mannir Tsara-Gari: Ba wanda ya ce haka, Baba. Inda ba a gina ba tukuna muke ji.

Rabe Dillali: Kowa ya taru a kan dillali da mai gona. Ku faɗa mini, fuloti takwas ɗin da Safiyo ya lissafa, wa zai biya? Yawancin gonakin nan na gado ne, magada goma sha suna jiran kasonsu. Ka ce musu su bar kusan kashi ɗaya cikin uku ga hanya, alhali wanda ya yanka gonar kusa bai bar komai ba? Kuma mai saye shi ma araha yake nema. Talakan da ya tara kuɗinsa da ƙyar ba ya tambayar faɗin layi, nawa ne yake tambaya. Filayen gwamnati masu tsari ba su isa kowa ba, shi ya sa ake zuwa wurinmu.

Safiyo Iro: Alhaji Rabe, maganarka ta ƙarshe ba mai musa ta. Amma ba sai an kai kashi 30 a cikin gona ɗaya ba, wancan adadin ya haɗa da manyan tituna na gari. Ɗauki tsarin nan: fuloti mita 15 a 30, wato ƙafa 50 a 100, baya da baya, goma a jere. Rukunin ya zama mita 60 a 150, gida 20. Ka kewaye shi da layi mai mita 12. Hanya ta ci kusan kashi 23, kuma in aka shimfiɗa haka a murabba'in kilomita ɗaya za a samu titi kilomita 20 da mahaɗa kusan 85. Ma'aunin waccan hukumar ta Majalisar Ɗinkin Duniya kilomita 18 ne, ka ga an wuce shi. In ka mayar da wasu layukan mita 9, kason hanya ya sauko ƙasa da 20. Yanzu kwatanta da abin da ake yi: layi mita 6, jere mai tsawon mita 300 ba tsagi, wato ba layin da ya ratsa shi. Hanya ta ci kashi 11 kacal. Amma wanda ke tsakiyar jeren, in zai je gidan da ke bayansa, tafiyar mita 360 ce da ɗoriya, a maimakon 220 a tsarin farko. Wannan ma in duka bakunan a buɗe suke.

Kuma ka fi ni sani, fulotin kwana da na bakin layi mai faɗi sun fi tsada, don shago ake yi. Kowane tsagi da ka ƙara ya haifar da kwana huɗu. Ba duka takwas ɗin ne asara ba.

Barista Hadiza: Akwai ɓangaren doka da ya kamata masu saye su sani. A dokar mallakar ƙasa ta 1978, filin da ke yankin da aka ayyana a matsayin birni yana hannun gwamna ne, na wajen yankin kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardarsa. Matsalar gefen gari a nan take: wurin a ido ya zama birni, a takarda gona ce, kuma Katsina ta tsallaka iyakar ƙaramar hukuma fiye da ɗaya. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana nuna an yi ciniki, ba ta nuna hukumar tsara birane ta amince da yankan ba.

Abu na biyu, wanda ya shafi aljihun gwamnati. In aka karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan filin ce: gini, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Saboda haka buɗe hanya a gonar gero ba ya cin komai in aka kwatanta da buɗe ta bayan an gina gida. Fuloti ɗaya da aka toshe bakin layi da shi, yau kuɗin fili ne, nan da shekara biyar kuɗin gida ne da shari'a da gaba tsakanin maƙwabta. Ga mai saye kuma, a sa a rubuta faɗin layin a cikin takardar ciniki, da ƙafa ko mita, a ambaci gefen da yake. Yawancin takardu suna faɗin iyaka gabas da wane, yamma da wane, kudu da hanya. Hanya mai faɗin nawa? Shiru. Ta wannan shirun ake cinye ta.

Inj. Bishir: Ba a yi maganar ruwa ba, kuma shi ne mai hukunci. Layi ba na mota kaɗai ba ne, shi ne hanyar ruwan sama. Ruwan Katsina ba shi da yawa a shekara, amma a dunƙule yake zuwa, Yuli da Agusta. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 150, in aka yi ruwa na milimita 40, ya zubo lita 6,000, wato duro 30, gida ɗaya ke nan. Layi mai gida 40 ya tara duro 1,200 ban da na tsakar gida da aka dafe da siminti. In gangaren layin ya nufi bakinsa, alhamdu lillahi. In ya nufi toshen, duk ruwan nan a gindin katangar ƙarshe zai kwanta. Mai gidan ya ɗaga ƙofarsa da cikon ƙasa, ruwa ya koma na kusa da shi, shi ma ya ɗaga, haka har layin ya fi ɗakunan gidajen farko tudu.

Lambatu yana son gangare aƙalla 1 cikin 200, wato ya sauka santimita 50 a kowace mita 100, in ba haka ba yashi ya kwanta a ciki. Kuma dole ya sami inda zai juye. A da kududdufai ne ke shanye ruwan unguwa kafin ya gangara rafin Ginzo ko na Tille, yanzu da yawansu an cike an sayar. Saboda haka kafin a ja igiya a fara sanin inda ruwa ke bi. Ko ba na'urar awon tudu, a je gonar bayan an ɗauke ruwa a ga inda ya ja yashi, a bi nan da layi, kada a sa fuloti a kai.

Bututun famfo ma haka. Wanda ya zagayo ya haɗe yana samun ruwa ta fuska biyu, in ya fashe a wuri ɗaya a rufe nan kawai. Wanda ya mutu a toshe, na ƙarshe ba ya samun ƙarfi, kuma laka a nan take taruwa.

Ummi Lawal: Duk na ji, amma ku dubi halin da ake ciki. Mutane da kansu suke haɗa kuɗi su sa get a bakin layi saboda ɓarayin babur da masu ƙwacen waya. Layi mai baki ɗaya mai gadi ɗaya ya ishe shi. Mai baki huɗu fa?

Inj. Murja: Hajiya Ummi, ba za a ce wa mutane kada su tsare kansu ba. Bambancin shi ne get ana buɗe shi, gidan da aka gina a kan layi ba a buɗe shi. A bar layin ya ɓulle, in ana so a sa get a rufe da dare. Sharuɗɗa dai: faɗinsa kada ya gaza mita 4, kada a gitta masa ƙarfe a sama ƙasa da mita 4.5 don babbar mota, a bar ƙaramar ƙofa ta masu tafiya a ƙasa, makulli kuma ya kwana a hannun mai gadi da gida biyu mafi kusa, ba a aljihun shugaban layi da ya yi tafiya Kano ba. Mai naƙuda da ƙarfe biyun dare ba ta jiran a nemo shi. Layin mita 12 da ke haɗa unguwa da unguwa kuwa ba a sa masa get ko kaɗan.

Mannir Tsara-Gari: Kuma abin ba namu kaɗai ba ne. Wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya auna titunan duniya daga taswirar OpenStreetMap, ya nuna cewa tun 1975 sababbin titunan da ake yi a yawancin ƙasashe suna raguwa wajen haɗewa da juna, kuma unguwanni masu get na cikin abin da ke ƙaruwa. Illar a kan babban titi take fitowa. In kowane aljihu bakinsa kwalta, to mai kurkura da ɗan acaɓa da mai kurar ruwa da mai kai yara makaranta duk sai sun hau titi ɗaya, ko da tafiyar ta cikin unguwa ce. Gadar ƙasa irin ta Ƙofar Ƙaura tana warware cunkoson mahaɗarta, ba ta rage yawan waɗanda aka tilasta wa fitowa.

Inj. Bishir: A nan zan ɗan saɓa da masu son komai ya zama mahaɗa mai hannu huɗu. Mahaɗa mai hannu huɗu tana da wurare 32 da abin hawa zai iya cin karo da wani, mai hannu uku 9 kawai. A unguwar da ba fitila ba alama, ga 'yan acaɓa ba sa rage gudu, mai hannu uku ta fi aminci.

Safiyo Iro: Injiniya, na yarda in da gangan aka tsara ta. Wadda muke gani ba ita ba ce. Layin gonar wane ya zo iyaka, na maƙwabcinsa ya kuskure masa da mita 8 ko 10, sai a sami 'yar karkata mai kwana biyu a manne, ba mai hango mai zuwa. Ko dai su haɗu daidai, ko a raba su da kamar mita 40 zuwa sama. Gyaran kuma ba tsada. Kafin a yanka, a zagaya iyakar gonar a ga inda layukan maƙwabta suka tsaya, a ɗora daga nan. Gefen da ba a yanka ba tukuna a kai layi har kan iyaka a bar shi buɗe. A kafa turakun siminti gefe biyu na layin, ba na fulotai kaɗai ba, don turken itace gara ta ci ko yara su cire kafin damina ta zagayo. In da hali a kawo gireda ta kankare, a zuba marmara ko tifa kaɗan ne. Layin da ido ke gani ya fi wuyar ci fiye da wanda ke takarda. Sannan a kai zanen hukumar tsara birane kafin a karɓi kuɗin kowa.

Abba Ɗalibi: Malamai, in mutum yana so ya auna unguwarsu da kansa fa, yaya zai yi?

Mannir Tsara-Gari: Buɗe Google Earth, ka zana murabba'i mita 500 a 500, rubu'in murabba'in kilomita ke nan. Ƙirga mahaɗu, ka ware masu hannu uku da masu hannu huɗu. Ƙirga toshe. Sannan ƙirga guntayen layi, wato daga mahaɗa zuwa mahaɗa ko zuwa toshe. Raba yawan guntayen da jimillar mahaɗu da toshe. In ka samu 1.4 ko sama, unguwar ta haɗu. In abin ya matso 1, kusan kowa hanya ɗaya gare shi. Mahaɗun kuma ka ninka sau huɗu ka samu na murabba'in kilomita. Manhajar Google Earth ta kwamfuta tana da tsofaffin hotuna, ka ja baya ka ga shekarar da aka toshe kowane baki.

Hattara biyu. A cikin birni hoton sama ba ya nuna lungunan da rumfa ko soro ya rufe, sai lissafi ya nuna wurin a toshe alhali mai ƙafa yana ratsawa. Sai ka taka. A bayan gari kuma akasin haka: hanyar da kake gani ta ratsa wani fili ba layi ba ce, fulotin wani ne da bai tashi gini ba. Kada ka ƙirga ta.

Rabe Dillali: Wannan ta ƙarshen ita ke haɗa mu faɗa da masu saye. Mutum ya ga mota na bi ta fili ya ɗauka hanya ce, sai ranar da aka sauke bulo. Safiyo, in unguwa ta riga ta cika rabi, bakin layin kuma fuloti ne da ba a gina ba, me za a yi?

Safiyo Iro: A saye shi tun bai haƙa tushe ba. Gida 40 su raba kuɗin fuloti ɗaya, ko a yi masa musaya da wani a cikin unguwar. Ba ma sai duka ba: fuloti mai faɗin ƙafa 50, a ɗauki 30 a yi layi, sauran 20 a sayar wa na kusa ya ƙara a gidansa ko a yi shaguna, kuɗin ya rage nauyi. Amma a duba na bayansa tukuna, don in shi ma fuloti ne sai an sayi biyu. A rubuta a gaban mai unguwa da magaji, wato dagaci, cewa an bar shi hanya, a kai kwafi hukuma a shigar a zane, a kafa turaku a ranar.

Barista Hadiza: Kuma kada takardar ta fita da sunan mutum ɗaya, ko da shi ne ya fi ba da kuɗi. In ya rasu, magada za su tarar da ita a cikin kayansa, su lissafa fulotin a gado.